Gambar da Ta Raba Mu a Guci

Tun da na dawo daga Nijar, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Mutari, yaya aka ƙare? Ka ga yarinyar?" In na fara ba da labari sai mai karɓar ɗinki ya shigo, in na koma sai in tarar na manta inda na tsaya. Shekaranjiya har hannun riga na haɗa a baibai. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa, ko zuciyata ta samu ta zauna wuri ɗaya.

Ni tela ne a Kano, amma Innata 'yar Guci ce, wani gari a ƙasar Dungas. Tana da wa guda ɗaya, Kawu Issufu, shi kuma yana da 'ya, Habsu, taubashiyata, wadda tun muna yara take kirana Bakano mai tsoron jaki. Wasan taubasai ya girma ya zama so, manya suka yi magana, aka ce sai an girbe gero.

Kafin lokacin ya zo mahaifinsu Inna ya rasu, aka raba gona. A can ba a kafa dutse a iyakar gona. Gamba ake dasawa, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, layi guda daga wannan kai zuwa wancan. Aka dasa, Inna ta dawo Kano. Da ta koma bayan damina, sai ta tsaya ta ce ba nan aka dasa gambar ba, an tumɓuke ta an matsar cikin rabonta. Kawu ya ce bai yi ba. Aka je gaban mai gari, Kawu ya yi alwala ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Inna ta miƙe ta ce ba ta yarda ya rantse ba, ta ja mayafinta ta fita. Wasu suka ce ta san ba ta da gaskiya. Wasu suka ce ta san shi ne ba shi da ita, tsoro ta ji kada rantsuwa ta ci ɗan'uwanta. Shekara huɗu ke nan ba sa ga maciji, maganar aurenmu kuwa tana rataye kamar rigar da mai ita bai dawo karɓa ba. Bana kuma na ji labarin wani ɗan kasuwa daga Dungas ya fara aiko da gaisuwa gidan Kawu.

Ni da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda ake haya a karanta a mayar. A cikinsu komai daren daɗewa gaskiya tana fitowa: mai laifi ya kwanta ciwo ya tona kansa, a yi kuka, a yafe, a ɗaura aure. Na jira namu babin ƙarshen har na gaji, sai na zuba labarin a takarda, na canza sunaye. Ƙarshen ne ya gagare ni. Na tura wa abokina Lawali, malamin makaranta a Magariya, wanda shi da wasu samari da 'yan mata suke da ƙungiyar wasan kwaikwayo.

"Ai rashin ƙarshen nan muke nema," in ji shi ta waya. "Mun gaji da wasan da ake rufewa da wa'azi. Yanzu sabon salo muke yi: a zargi mutum, ya musa, mu tsaya cak, 'yan kallo su yanke hukunci. Za mu kai naka Magariya da Kwaya da Guci. Ka zo da kayan sawar 'yan wasa."

Da na ji Guci, allura ta faɗi daga hannuna. Na ga Kawu cikin taro hawaye na bin gemunsa. Na ga Habsu cikin mata ta ɗago ido a hankali ta neme ni. Ba zan ɓoye ba, a raina na riga na san wanda zai yi kukan. Inna kuwa ce mata na yi zan kai ɗinki Magariya, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta.

Na shiga motar Ɓaɓura da sassafe, daga nan wata ta kai mu iyaka. An matse ni tsakanin ƙofa da wata Hajiya mai fataucin robobi, wadda ta gargaɗe ni in an tambaye ni abu a bakin iyaka in amsa da kalma ɗaya. Ban ji ba. Jami'in da ya buɗe jakata a ɓangaren Nijar ya zaro rawani, ya zaro gafakar fata irin wadda ake sa Alƙur'ani, sai ga gemu biyu da na ɗinka da gashin rago.

Ya ɗaga ɗaya sama. "Malam, wa ka aske?"

Na ce na wasa ne. Ya ce wane wasa? Kafin in ankara na ba shi labarin tun daga rabon gona, fasinjoji na tsaye a rana.

"Mace ba ta hana rantsuwa sai ta san ɗan'uwanta zai ƙone," in ji shi.

Abokin aikinsa daga bayan tebur ya ce, "Ko kuwa ta san in ya rantse ita za ta sha kunya. Kai ba ka da 'yar'uwa, shi ya sa."

"Ina da uku!"

Har suka miƙo mini takarduna ba su dube ni ba, gardama suke. Direba ya ce, "Tela, in ka sake buɗe baki kafin Magariya, da ƙafa za ka ƙarasa."

A Magariya na hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, zuwa gidan Lawali. Kowa a unguwarsu "Mushe" yake ce masa, wato malam a bakin masu Faransanci, makaranta kuma lakwal. Matarsa ta kawo mini burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ya kusa yanke mini dasashi, da wake da mai. Daga nan aka kai ni fada, abin da mu muke kira majalisa, sai dai su ba a zama babu butar shayi a kan gawayi. Ɗan kofi guda sai a yi rabin sa'a ana jujjuya shi. Na tashi, na zauna, na leƙa titi, na dawo.

"Bakano, ƙaya ce a tabarmar?" in ji wani ƙaton mutum mai faɗin murya. Ɗan Jimma ke nan, mahauci, shi zai fito a matsayin kawun. Ya jawo ni gefe ya ce in siffanta masa mutumin. Na gaya masa Kawu yana gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana, yana karkata hula kan kunnen hagu, in yana tafiya kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na ba shi duka. A lokacin ban ga laifi ba.

"To shi ya matsar ko ba shi ba ne?"

Lawali ya tare. "Kada ka gaya masa. In ya sani, fuskarsa za ta faɗa wa mutane."

An yi wasan farko a filin lakwal bayan la'asar. Sun fara da wani nasu, na makiyayin da aka ce shanunsa sun ci gero, amma ruwa ya shafe sawu kafin masu bin sawu su iso. Sannan nawa. Wata ɗalibar aikin jinya mai suna Ra'isa ce ta fito a matsayin yarinyar, ta tsaya a gaban layin ciyawa ta faɗi maganar da na fi ƙauna cikin duk abin da na rubuta: "In iyaka ta raba gonaki, wa ya ba ta iznin raba zukata?" Ta yi kuka har ni ma na share ido. Da aka zo rantsuwa, aka kawo gafakar. Littafin lissafi na Faransanci ne a ciki, don ba wanda zai yi wasa da Alƙur'ani. Ɗan Jimma ya miƙa hannu, mai fitowa a matsayin Inna ta yi ihu, aka buga ganga sau ɗaya, kowa ya daskare. Lawali ya fito ya ce, "Wa ke da gaskiya?" Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kaure da musu, rabi Hausa rabi Faransanci. Aka ɗaga hannuwa, ba wanda ya rinjaya, aka watse ana dariya.

Hanyar Kwaya yashi ce zalla. Motar da muka ɗauka ta kafe sau uku, a na huɗu ta yi tari ta mutu. Muka ƙarasa a amalanken jaki, ni a can ƙarshen baya ina riƙe da jakar gemu. An sauke mu a ajin lakwal, aka ture tebura aka shimfiɗa tabarmi. Fura mai kauri da nonon da aka tatso ranar, kwaɗon zogale, ɗanyar gyaɗa kuwa kowane gida sai da ya aiko. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa: a tambaye ka gajiya, a tambaye ka mutanen Kano kamar za ka lissafa su ɗaya-ɗaya. Ni kuwa ƙafata sai kaɗawa take, don Guci saura kwana biyu.

A Kwaya na gane mutanen ƙauye ba su san wani layi tsakanin mai wasa da mai kallo ba. Da uwar ta tashi za ta hana rantsuwa, wata tsohuwa ta kutsa cikin fili ta riƙe mata zane. "Zauna, 'yar nan! Bar shi ya dafa mu huta!" Da ƙyar aka ɓamɓare ta. Bayan an tashi, wani manomi ya same ni ya ce, "Kai ka tsara? To ka sani gamba ba ta da ƙafa, amma tana haihuwa. In ta sami danshi gefe guda, can 'ya'yanta za su bi." Na yi masa godiya kawai. Ban so jin wannan ba. A labarina dole akwai mai laifi.

Daga Kwaya muka biyo ta Dungas, nan muka hau babura zuwa Guci, muka isa ranar kasuwa da hantsi. Nan na yi babban kuskure. Ɗan 'yar'uwa ba ya shiga gari ya sha ko ruwa kafin ya je ya durƙusa gaban kawunsa. Na sani sarai. Amma a littattafai masoyi ba ya sallama, bayyana yake yi a daidai lokacin da ya dace. Na ja hula na rufe goshi na laɓe bayan rumfar masu goro. Ban yi minti goma ba wata mata ta ce, "Kai, ba ɗan Balki ba ne? Ka je gidan Issufu?" Na ce yanzu zan je. Ban je ba.

Bayan la'asar aka kewaye fili a bakin kasuwa. Na hango Kawu a sahun dattawa, kusa da liman. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na hango Habsu cikin mata, da tire a kai, ba ta ko sauke shi ba.

Ɗan Jimma ya shigo da hula a kunnen hagu, kafaɗa ɗaya a ƙasa. Ya yi gyaran murya sau biyu. Dariya ta tashi, amma ba irin ta Magariya ba ce. Ba shi ake kallo ba. Kawuna ɗaya bayan ɗaya suka juya wajen Kawu. Shi kuwa ya kai hannu a hankali ya daidaita hularsa. Da na ga haka na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ƙara laɓewa a bayan rumfa.

Aka kawo gafaka. Kafin Ɗan Jimma ya miƙa hannu, liman ya ɗaga sanda.

"Tsaya. Mene ne a ciki?"

Lawali ya buɗe ya nuna. "Littafin lakwal ne, Malam. Wasa ne kawai."

"Alhamdu lillahi da ba shi ba ne," in ji liman. "Amma in ba shi ba ne, me zai dafa? A nan garin ba mu san rantsuwar wasa ba."

Sai Kawu ya miƙe. Ya yi gyaran murya sau biyu, ba wanda ya yi dariya.

"Jama'a, kowa ya san ni ne wannan. Hulata ce, kafaɗata ce." Ya dubi Ɗan Jimma. "Bawan Allah, tun da ka ari jikina, ka ari har bakina. Ga masallaci can. Ka yi alwala a ba ka na gaske, ka gaya wa mutane: na matsar ko ban matsar ba?"

Ɗan Jimma, ƙaton da ke kayar da sa shi kaɗai, ya cire gemu. Ya waiwaya ya same ni a bayan rumfa.

"Mai labari, fito. Ni dai nama nake yanka. Na yi ko ban yi ba?"

Aka buɗe mini hanya. Na fito tsakiyar fili. Shekara huɗu ina ɗauke da amsa a ƙirjina, yau an tambaye ni gaban Allah da jama'a, na laluba ban same ta ba. Ban ga an dasa gambar nan ba. Ban ga an tumɓuke ta ba. Ban taɓa ma taka gonar ba tun ina yaro.

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

"Ba ka sani ba," in ji shi. "Ka shigo garin uwarka ba ka gaishe ni ba, ka baza ni a kasuwa kamar gishiri, kuma ba ka sani ba."

Ya ɗauki buzunsa ya tafi. Da na dubi wajen mata, Habsu ba ta nan. Ranar Lawali bai tambayi kowa wa ke da gaskiya ba.

Da safe ina zaune a masauki na haɗa kai da gwiwa, sai na ji an dire kwarya a gabana. Kunu ne. Habsu ce.

"Baba ya ce ko ɗan 'yar'uwa ya yi hauka, ba a barinsa da yunwa. In ka sha ka same shi a gona."

Na same shi tsaye a bakin gambar. Ta fi ni tsawo, ta yi kauri, iska na kaɗa ta. Na durƙusa na yi gaisuwar da ya kamata in yi jiya. Ya bar ni a ƙasa na ɗan lokaci kafin ya amsa.

"Duba da kyau, mai rubutu. Me ka gani?"

Na duba. Gero nan, gero can, ciyawa a tsakiya. Ba abin da ya yi kama da shaida.

"Daminar da aka raba, ruwa ya yi gyara a nan," in ji shi. "Ya kwashe gambar daga wancan kututture har kwari. Na sake dasawa inda na tuna. Uwarka ta zo ta ce ba nan ba ne. Da ta bari na dafa, da na rantse ban yi niyyar cin taƙi ɗaya nata ba. Amma in an ce in rantse nan ne daidai inda aka nuna ranar rabo..." Ya dubi gambar. "Wata rana in na tsaya nan sai in ga nan ne. Wata rana sai in ga kamar gaba kaɗan."

"Me ya sa ba ka gaya mata haka ba, Kawu?"

"Ta ce mini ɓarawo gaban mai gari. Bayan wannan wace magana ta rage?"

Ban san ko duk gaskiyar ke nan ba. Har yanzu ban sani ba. Amma muryarsa ba ta yi kama da ta mutumin da na rubuta ba.

Na tarar da Habsu a bayan gida tana tsinke gyaɗa daga harawa. Na shirya kalamai tun daga Kano, masu wata da taurari. Ba ta bari na fara ba.

"Wai ni ce waccan mai kukan? 'Wa ya ba ta iznin raba zukata'?" Ta kwaikwayi muryar har da shessheƙa. "Bakano, yaushe ka ga na sami lokacin tsayuwa gaban ciyawa ina mata tambaya? Ni nake kai wa gonar uwarka taki, ka sani?"

"Habsu, don ke na yi."

"Don ni ka sa aka yi wa ubana dariya?" Ta jefa gyaɗa cikin kwarya. "Abu ɗaya ya cece ka, da ka ce ba ka sani ba. Da ka faɗi wani abu daban, ko kunu ba za ka gani ba."

Na tambaye ta mutumin Dungas.

"Yana nan. Sau biyu Baba na ce masa ya dakata, ba zai faɗa sau uku ba. Ni kuma ba zan shiga gidan da uwar miji ke ganin ubana ɓarawo ba. Ba na son littafi, ba na son wasa. Ka kawo Gwaggo ta taka gonar nan da ƙafarta, su tsaya su biyu su yi faɗansu su gama. Kafin a yanke gamba bana. In an yanke ba ku zo ba, kada ka ce ban jira ba."

Ta ɗago ido sau ɗaya, ta mayar kan gyaɗarta. Da wannan kallon na yi guzuri har Kano.

Na gaya wa Inna komai, har da hular. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Kwana uku ba ta tayar da maganar ba, ni kuwa duk mai zana da ya wuce ƙofar shago sai gabana ya faɗi. A na huɗu ta zo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye farin yadi a kan keke.

"Kawun naka ya rame?"

Na ce ya rame, Inna.

"To ka rage a kafaɗa. Tsawon kuwa irin na Babanmu ne." Ta auna da kamun hannu a kan yadin, ba ta nemi awo ba. "Ka gama kafin Juma'a."

Ta juya za ta fita. Na kasa haƙuri.

"Inna, iyakar fa?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.

"Iyaka tana inda na ce take. Ɗinka rigar."